Ƙwallon da Haladu Ya Gangara wa Yallaɓai

Ban taɓa mantawa da safiyar Alhamis ɗin da aka ajiye mini wani fayil a kan tebur ba. Na buɗe shi ina zaton maganar hutu ce ko ta ƙarin girma, sai na tarar da takardar tuhuma a kan mai tsaron ragarmu, wai ya jawo wa ma'aikata abin kunya a filin ƙwallo. Shekara talatin da biyar na yi ina aikin gwamnati, goma sha biyu a aji ina koyar da tarihi a wata sakandare ta Jahun, ragowar a wata ma'aikata cikin sakateriyar Dutse. Na ga an tuhumi mutum saboda makara, na ga an tuhumi wani saboda barci a kan kujerar baƙi. Amma tuhuma saboda fasin ɗin ƙwallo, sau ɗaya na gani, kuma sa hannuna ake nema a ƙasanta. Ku da kuka shigo aiki bayan na fita kun sha jin labarin a gutsure, kowa da irin gishirin da yake zuba masa. Yau ku ji shi daga bakin kocin.

Yadda na zama koci ba abin alfahari ba ne. An shirya gasa tsakanin ma'aikatu a ƙarshen damina, aka ce kowace ta fitar da ƙungiya. Wani ya duba fayil ɗina ya ga na taɓa riƙe muƙamin malamin wasanni na zango biyu, lokacin da mai muƙamin ya tafi ƙarin karatu. Shi ke nan, aka buga takarda. A aikin gwamnati in ka taɓa riƙe wa wani akuya, likitan dabbobi ne kai har ka yi ritaya.

'Yan wasana direbobi ne, da masinjoji, da akawu uku, da mai gadi ɗaya. Mutum biyu ne ƙarfinmu. Na farko Iliya direba, ɗan gaba, wanda ba ya iya fasin na taku biyar, amma in ya sa ƙwallo a gaba sai dai a raka shi da addu'a. Na biyu Haladu, masinjan sashen mulki, mutumin Aujara, magidanci mai 'ya'ya uku, shi ne golanmu. Tafin hannunsa kamar faifai, kuma in ya lafta ƙwallo daga raga sai ta wuce tsakiyar fili. Dabararmu ba ta buƙatar allo da alli: Haladu ya kama, ya lafta, Iliya ya bi. Da ita muka ci wasa uku muka kai wasan kusa da na ƙarshe.

A nan sai na yi wa wanda bai san aiki ba ɗan bayani. Haladu ma'aikacin wucin gadi ne, shekararsa shida yana ɗaukar fayil daga ofis zuwa ofis ba tare da takardar dindindin ba. Irin wannan ma'aikaci ba shi da fansho, ba shi da ƙarin girma, kuma da baki ma ana iya sallamarsa. Jefi-jefi akan buɗe ƙofa a ce kowane sashe ya kawo sunayen waɗanda za a tabbatar. Shugaban sashe ne ke rubuta shaida ya sa hannu, a kai wa Babban Sakatare kafin ranar rufewa. Wanda ke da tuhuma a fayil, ba a ko kallon sunansa. A shekarar an buɗe ƙofar, sunan Haladu na kan gaba, kuma wanda zai sa masa hannu shi ne Mataimakin Daraktan mulki, Alhaji Ɗahiru.

Alhaji Ɗahiru masanin ƙwallo ne, irin sanin da ake samu a kan kujera. Kowace Litinin da safe akwai majalisa a gindin darbejiyar bakin ƙofa, wurin mai shayi, inda ake yi wa wasannin Turai na ƙarshen mako wanka da jana'iza. Shi ne limamin wurin. Ƙungiyar da yake goyon baya irin masu wasan ba-ni-in-ba-ka ce, waɗanda za su yi fasin talatin kafin su tuna akwai raga.

"Ƙwallo ɗaya ce a fili," yakan ce. "In tana ƙafarka, ba ta ƙafar abokin karawa. Wanda ba ta wurinsa, da me zai ci ka? Wannan lissafi ne, ba son zuciya ba. Dogon bugu kuwa caca ce, wasan waɗanda ba su zauna a aji ba."

Iliya, wanda yake tsayawa can gefe da kofinsa kamar yadda ya dace da direba, ya taɓa cewa, "Ranka ya daɗe, ni a ɗan ƙaramin sanina, komai lafiyar injin mota, in ba ta kai fasinja Jahun ba, zagaye tasha kawai ta yi."

"Shi ya sa kake direba," in ji Alhaji. Aka yi dariya, har da Iliyan, don dariyar ma tana cikin aiki.

Mutum ɗaya ce ba ta raga masa, Hajiya Binta, shugabar rajista, inda ake ajiye fayil-fayil. A gida take kallon wasa da 'ya'yanta, kuma takan jefo tata in ta zo wucewa. "Alhaji, kuna dai wahalar da bakinku. Kocin nan na Turai da kake yabo, a ba shi Iliya da mai gadi mu gani ko zai yi ba-ni-in-ba-ka. Kowace mace gwanar girki ce in cefane ya cika."

"Hajiya, koci nagari shi yake ƙera ɗan wasa."

"To Allah ya ba mu nagari," ta ce, ta dube ni, ta shige.

Ni kuwa, don kada a ce ina gaba da ilimi, ina son wasan riƙe ƙwallo. In an iya shi, kallonsa kamar karanta rubutun da ba gyara a ciki ne. Amma na karanta tarihi gwargwadon da zan san cewa dabarar da ta ci yaƙi a wani fage ita ce takan hallaka runduna a wani. 'Yan wasan Turai suna taka leda a kan ciyawar da aka aske kamar kan ango, kuma tun suna ƙanana abu ɗaya ake koya musu. Mu filinmu awaki ke kiwo a cikinsa da hantsi, rabinsa rairayi, rabinsa ƙarangiya.

Duk wannan musu ne na shayi, ba ya cutar da kowa, har ranar da aka ji cewa Babban Sakatare da kansa zai zo kallon wasanmu na gaba. Washegari takarda ta fito daga ofishin Alhaji Ɗahiru, da lamba da hatimi. Umarni biyu ne a ciki. Na ɗaya, daga yau gola ba zai sake dogon bugu ba, zai gangara wa 'yan baya a gina wasa daga gida. Na biyu, domin a samu wanda ya fahimci tsarin a cikin fili, shi Mataimakin Darakta zai shiga a matsayin ɗan baya kuma kyaftin. Mutum ne da ya haura hamsin, rabonsa da jesi tun yana makarantar kwana.

Na rubuta a ƙasan takardar, cikin ladabin da aka koya mana, cewa ina jawo hankalin Yallaɓai ga yanayin fili da ƙurewar lokaci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Fayil ya dawo da kalma biyu: "A aiwatar."

Kwana biyar muka yi muna atisaye bayan la'asar, kuma tun ranar farko na gane ashe fili shi ne ƙaramar matsalarmu. Wasan riƙe ƙwallo wasa ne na baki. Dole wanda ke ganin bayanka ya daka maka tsawa a gajarce: saki, juya, bar ta. Babu lokacin gaisuwa. To wane masinja ne a Jigawa zai daka wa Mataimakin Darakta tsawa? Na ji da kunnena wani akawu yana cewa, "Ranka ya daɗe, Allah ya ba ka nasara, kamar dai akwai mutum a bayanka." Kafin ya kai ƙarshe, mutumin ya tafi da ƙwallon har ya manta da zancen. Mai gadi kuwa in zai ba Alhaji fasin sai ya ɗan rusuna, ya tura ta a hankali kamar mai miƙa goro. Abin da ya fi muni, in Alhaji ya ɗaga hannu ya ce a kawo, to an kawo, ko mutum nawa ne a kansa. Yadda aka tarbiyyantar da mu ke nan: babba ba ya miƙo hannu ka ba wani.

Na ja Haladu gefe na ce, "Ka ji, a cikin fili babu matakin albashi. In ka ga an tsare shi, ka manta da takarda ka lafta wa Iliya."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, na ji. Amma wasa sa'a ɗaya da rabi ne. Ofis kuwa Litinin zuwa Juma'a."

Ranar Laraba aka buga. Babban Sakatare yana ƙarƙashin rumfa, ma'aikata sun zagaye fili. In ana maganar riƙe ƙwallo, mun riƙe ta, ba wanda zai yi mana ƙarya. Haladu ya ba Alhaji, Alhaji ya ba mai gadi, mai gadi ya mayar wa Alhaji cikin girmamawa, Alhaji ya mayar wa Haladu. Abokan karawarmu, samari ne 'yan wata ma'aikata da ke gefenmu, da farko sun tsaya suna kallo don ba su gane abin da ake nufi ba. Iliya yana can gaba ya riƙe ƙugu, har wani ɗan kallo ya tambaye shi ko a kawo masa kujera. Da samarin suka gane inda ƙwallo take komawa kullum, sai biyu suka tare a kan Alhaji. Sau huɗu suna ƙwacewa, sau huɗu Haladu yana fitar da mu kunya, ɗaya ma da fuskarsa ya tare.

Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci. Alhaji ya zauna a ƙasa yana haki, jesi ta jiƙe sharkaf, ya ce, "Kun gani? Ba su ga ƙwallo ba." Takardar canjin ɗan wasa tana hannuna. Na dube ta, na dube shi, na ninke ta na sa a aljihu.

Saura kamar minti biyar a tashi, Haladu ya kama wata ƙwallo. 'Yan bayan abokan karawarmu duk sun hauro, Iliya yana tsakiyar fili shi kaɗai, yana ɗaga hannu biyu. Alhaji kuwa yana bakin da'irar gola, saurayi ɗaya a damansa, ɗaya a bayansa. Ya tafa hannu ya ce, "Kai, kawo nan."

Ni kuma daga bakin layi na ɗaga murya na ce, "Haladu, lafta."

Ya dube ni. Ya dubi Alhaji. Duk filin ya ga wannan dube-duben, don ya ɗauki lokaci. Sannan ya sunkuya ya gangara ta ga mai sa hannu. Ƙwallo ta shiga rairayi ta rage gudu, Alhaji ya taho zai juya da ita irin yadda yake gani a talabijin, ƙugu ya ƙi bin umarni, saurayin ya zare ta ya tura a raga. Ci ɗaya mai ban haushi, aka hura usur, muka fita daga gasa.

Washegari da safe majalisar darbejiya ta cika tun kafin ruwan shayi ya tafasa. Wasu suka ce tsarin ne bai dace da mu ba. Wasu suka ce laifin koci ne, kuma ban musa ba. Alhaji ya iso ya yanke hukunci a tsaye. "Tsari bai gaza ba, kowa ya ga mun fi su riƙe ƙwallo. Matsalarmu ingancin 'yan wasa. Fasin ɗin da aka ba ni matacce ne, ko wane ne a wurin ba zai iya komai da shi ba." Sa'a biyu bayan haka fayil ɗin da na faɗa muku ya iso teburina, kuma Haladu ne ya kawo shi, don shi ne masinja.

Ya tsaya bayan ya ajiye. "Malam, da na bi taka, da an ce na raina shugaba a gaban jama'a. Na bi tasa, an ce na yi sakaci. Don Allah wacce ce ta ukun, in sani?"

Na ce ya je, zan duba.

Alhaji ya kira ni ofis. "Malam Sabi'u, layi biyu kawai nake so. Ka tabbatar a matsayinka na koci cewa kuskuren gola ne. Babban Sakatare yana wurin, dole a ga an ɗauki mataki."

"Ranka ya daɗe, gola takardarka ya bi."

"Takarda ta ce ya bayar da ƙwallo. Ba ta ce ya bayar da ita a mace ba."

"Ta kuma ce kada ya lafta, ranka ya daɗe. Ni na ce ya lafta, ya ƙi ni ya bi ka. In akwai wanda zai tuhume shi da rashin biyayya, ni ne."

Ya ce ashe har yanzu akwai sauran alli a bakina, in je in yi abin da aka sa ni.

Na koma na rubuta shafi guda, na faɗi abin da ya faru daki-daki, na haɗa da kwafin takardar umarninsa da ɗan rubutuna na ƙasa da amsarsa mai kalma biyu. Ban mayar masa kai tsaye ba, sai na bi ta rajista kamar yadda ƙa'ida ta ce. Amfanin rajista shi ne, duk takardar da ta shiga fayil ana buga mata lambar shafi, kuma in an buga, ba mai cire ta ba tare da giɓin ya tona shi ba. Hajiya Binta ta karanta a tsaye, ta ɗauko biro ta lambata shafukan tun kafin in zauna, ta rubuta fayil ɗin a littafin masu hawa sama. Washegari ya sauko daga ofishin Babban Sakatare da layi ɗaya: ya kalli wasan da idonsa, a janye tuhumar.

Na yi zaton magana ta ƙare, har na karɓi barka a gindin darbejiya. Na manta cewa janye tuhuma daban, rubuta shaida daban. Fayil ɗin tabbatar da Haladu ya shiga ofishin Alhaji ranar Litinin, saura kwana goma sha ɗaya a rufe karɓar sunaye. Haladu ne ya kai shi da hannunsa. Kowace safiya shi ne ke shiga ya kwashe fayil-fayil ɗin da aka gama da su, ya duba bangonsu ɗaya bayan ɗaya a baranda, babu nasa. Hajiya Binta ta aika takardar tuni sau biyu. Ni na je sau biyu, aka ce mini ana kan dubawa. Na nemi ganin Babban Sakatare, aka ce ya yi tafiya, kuma ko yana nan, ba a tsallake shugaban sashe a kan maganar masinja. Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan rufewa, fayil ya fito da sa hannu, da shaida mai kyau, har da yabon ladabinsa. Rijiya ta bayar, guga ya hana, kuma ya hana ta hanyar da babu dokar da za ta kama shi.

Haladu ya ƙara wata huɗu yana ɗaukar fayil, sannan wata rana ya zo ya yi mana sallama ofis-ofis, har da ofishin Alhaji, inda ya durƙusa ya nemi gafara. Ya koma Aujara yana noman gero da riɗi. Na haɗu da shi sau ɗaya a kasuwar Jahun, ya riƙe hannuna da hannu biyu yana tambayar kowa da kowa. Bai tayar da maganar ba, ni ma ban iya ba. Alhaji Ɗahiru ya zama Darakta, ya yi ritaya da walima, kuma na ji har yau yana koyar da riƙe ƙwallo a majalisar unguwarsu.

Har gobe raina yana ɓaci in na tuna, kuma ba a kansa kaɗai ba. Tambayar da Haladu ya yi mini tana da amsa, na kuma san ta tun a lokacin. Hanya ta uku ita ce takardar canjin da na ninke a hutun rabin lokaci. Ni ne koci, ikon fitar da kowa daga fili a hannuna yake, alƙalin wasa ba ya tambayar matakin albashi. Ban yi ba saboda fom ɗin ƙarin girmana ni ma ta teburin Alhaji zai bi. Na ji tsoron faɗa wa babba gaskiya a kusa, sai na tsaya daga nesa ina ɗaga wa ƙarami murya ya yi abin da ni na kasa. Shafin da na rubuta daga baya ya yi kyau, an yaba mini Hausarsa da Turancinsa, amma bai ciyar da 'ya'yan kowa ba.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe, ku da yanzu kuke da mutane a ƙarƙashinku. Musun tsari da koci da ingancin 'yan wasa ba ya ƙarewa, a ƙwallo ko a ofis, kuma kullum wanda ya tsara abin shi ne ke da bakin cewa masu aiwatarwa ne ba su da inganci. In umarni ya sauko kun ga zai kai mutanenku rami, ku tare shi a matakinku, da sunanku, tun kafin a shiga fili. Kada ku bar masinja ya zaɓa tsakanin manya biyu a gaban jama'a. Duk wanda ya zaɓa a cikinku, ku biyun za ku koma gida da albashinku, shi ne zai koma gona.